Ku Sha Gahawarku

Ni na tumɓuke su da hannuna, don haka ba ni da wanda zan nuna wa yatsa. Itacen zaitun ɗari uku da tamanin da ɗaya, cikin kwana tara. Wasu kakana ne ya dasa, wasu kuma shi ma tarar da su ya yi. Ni direban katafila ne, shekara ashirin da shida ina wannan sana'a, kuma ban taɓa yin aikin da ya fita tsaf kamar wannan ba. Ko kututture ɗaya ban bari ba.

Yanzu in ka fita gabas da ƙauyenmu, Ummu Sufaira, fili za ka gani fetal, sai wata guntuwar kwalta mai lanƙwasa wadda ba ta taso daga ko'ina ba, ba ta kuma nufi ko'ina ba. Akwai allo a bakin hanya da hoton jar mota, rana ta cinye jan. Jaridun Amman sun yi ta bayanin dalilin da ya sa ba a gina filin tseren motocin ba. Wannan ta ce jari ne ya gaza, waccan ta ce Turawan da ke raba ranakun tsere ne suka ce babu gurbi. Wataƙila duk gaskiya suka faɗa. Ni dai abin da na sani daga finjalin gahawa ya faro.

In mutum ya zo neman abu mai nauyi a wurinmu, aure ko sulhu, yakan taro manya ya zo da su. A zuba wa babbansu gahawa, shi kuma ya ajiye finjalin a ƙasa, ba zai sha ba sai an biya buƙata. Yawancin masu gida sukan ce, to, mu ji da me kuka zo. Babana, Haj Sayil, bai taɓa tambaya ba. Shekara arba'in finjali na taɓa ƙasa yake cewa a sha. Har kirari ake masa da hakan, wai gidan Abu Miflih gahawa ba ta hucewa. Miflih ɗin ni ne. Ba shi da dukiyar a zo a gani, ba shi da muƙami. Wannan kirarin shi ne abin da ya mallaka, shi da gonar zaitun.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar motoci goma sha biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu. Ni na zuba gahawar. Babbansu wani dattijo ne mai farin gashin baki, a gefensa kuma wani matashi mai ƙamshin turare, Ustaz Ra'id, wakilin kamfanin, da doguwar takarda a naɗe a hammatarsa. Ina ganin takardar nan na san akwai magana, don ba a zuwa neman aure da taswira.

Dattijon ya ajiye finjali. Ban ko ɗago daga sunkuyon da na yi ba na ji muryar Baba.

"Ku sha gahawarku. Abin da kuka zo nema kun samu."

Suka sha. Sannan Ustaz Ra'id ya warware takardarsa a kan kilishi, ya danne kusurwoyinta da finjalanmu.

"Ya Haj, nan da shekara biyu babu inda ba za a san sunan Ummu Sufaira ba," in ji shi. "Kilomita biyar da rabi, lanƙwasa goma sha shida, wurin zaman mutum dubu arba'in, ga otal nan. Kuma ba saye za mu yi ba, Allah ya kiyaye. Ƙasa taku, jari namu."

Shimfiɗaɗɗen filin hamada sun riga sun samu. Amma Baturen da ya zana hanyar ya ce tsere ba hawa ba gangara ba ya jan 'yan kallo, kuma tudu ɗaya ne tak a wannan yanki.

Baba ya ɗora yatsa a kan taswirar. "Wannan koren fa?"

"Gonarku ce, ya Haj. Nan ne lanƙwasa ta tara zuwa ta sha ɗaya. Nan ne ma ya fi kyau."

Baba ya daɗe yana kallon yatsan nasa. Sai ya ce, "Miflih, ƙara musu gahawa."

Da baƙi suka watse na ce masa, "Baba, ai da ka tambaya."

"Sun sha ko ba su sha ba?"

"Sun sha."

"To."

Matata Hitam tana wanke finjalan ta ce, "Yanzu da ni suka ce sun zo nema fa?"

Na ce, "Da tuni kina mota ta uku."

Ta wurgo min tsumma. Wannan ce dariya ta ƙarshe da na tuna mun yi a kan maganar.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma abin ya shiga raina. Sun ba ni shugabancin share fili, suka ba ni hula mai tambarin kamfani, na riƙa yawo da ita har masallaci. Ƙauye gaba ɗaya ya ruɗe. Mai faci ya sake fentin shagonsa. Mai shawarma ya ƙara benci huɗu. Mutanen da ba su taɓa wuce tamanin a hanyar filin jirgi ba suka koma musu a kan wace mota ce ta fi gudu a duniya.

Farkon Oktoba Ustaz Ra'id ya ce masu jarin za su zo daga Tekun Fasha cikin Nuwamba, kuma dole su tarar da fili a share. Takardu ba su kammala ba. Zaitun kuma saura mako uku ya nuna. Na sami Baba na ce a jira, ko don a tsinke na bana, ko don a ga abin da ofishin ƙasa mai rajistar filaye zai ce.

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "Takarda ce ta sha gahawata?"

Washegari na tada katafila.

Mata suna gabana da buhuna suna tsinkar ɗanyun 'ya'yan cikin sauri, ni ina bayansu. Itacen zaitun ba ya faɗuwa kamar sauran itatuwa. Sai ka tura ya ƙi, ka tona ta gefe, ka sake turawa, sannan ka ji saiwa na tsinkewa a ƙarƙashinka ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko sai da na sauka na yi amai a bayan injin. Rana ta biyu kaina ne ya yi ciwo. Daga rana ta uku ban ƙara jin komai ba, sai dai in duba mai, in duba ruwa, in ci gaba. Baba kuwa kullum yana kan farar kujerar roba a bakin gona da carbinsa, tun safe har in kashe inji.

Wasu sun zo daga Amman suna son sayen tsofaffin itatuwan su dasa a gidajen masu kuɗi. Baba ya ce ba a sayar da abin da aka riga aka bayar. Mutanen ƙauye suka kwashe suka faskare. Har yau da su muke jin ɗumi in sanyi ya shigo. 'Ya'yan da aka tsinka kuma mai injin matsa ya murza guda a yatsunsa ya ce kada mu wahalar da kanmu, babu mai a ciki. A shekarar ba mu matsa ko ɗigo ba.

Aka malala kwalta mita ɗari shida saboda bikin aza harsashi. Aka kawo jar mota a bayan tirela, wani yaron Bature ya tuƙa ta sau biyu gaba sau biyu baya, aka mayar da ita kan tirelar. Mun yi mansaf, shinkafa da naman rago, faranti arba'in. Masu jarin suka ci da cokali, suka ɗauki hoto da Baba, suka tafi.

Sai maganar takardu. Gonar har lokacin da sunan kakana Sulaiman take, ba a taɓa rabawa ba, saboda haka kowane magaji sai ya sa hannu. Na zauna na rubuta su: Baba, da 'ya'yan ƙannensa biyu da suka rasu, da 'ya'yan waɗanda suka rasu cikin waɗancan. Mutum sittin da biyu. Wata biyu ina bin su, daga Zarƙa zuwa Aƙaba, har da wanda ke Kanada sai da ya aiko da nasa. Na kai ofishin ƙasa na ajiye a kan tebur ina huci.

Magatakardan ya bi sunayen da gindin biro. "Saura ɗaya."

"Babu saura."

"Fidda 'yar Sulaiman."

"Ai Gwaggo ce."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Gwaggon ba 'yar ubanta ba ce?"

Wallahi ba mugunta ba ce, ko a mafarki ba ta zo mini a rai ba. A wurinmu mace takan bar wa 'yan'uwanta maza rabonta na ƙasa, su kuma su riƙa kai mata ziyara ranar Sallah, su aika mata da abin da gona ta bayar. Gwaggo Fidda ƙanwar Baba ce, an kai ta aure wajen Karak tun ban yi wayo ba. Duk shekara Baba yakan aika mata da garwa biyu na man zaitun matsar farko. Kowa ya ɗauka ta daɗe da yafe rabonta. Ashe ba wanda ya taɓa tambayarta.

Na ninke takardar na tura a aljihun wando, na kama hanyar Karak da kayan aikina a jiki, da hular kamfanin a kai. Na ce aikin rabin sa'a ne.

Na same ta a tsakar gida tana tsince alkama.

"Miflih? Yau ba Sallah ba. Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Gwaggo. Gaisuwa ce kawai."

"Gaisuwa da hula irin ta 'yan ƙwallo. Zauna. Na gan ka a wayar jikata, kai da katafilarka. Ka iya aiki, Allah ya yi albarka. Itacen da ke bakin rijiya, mai kogo, sau nawa ka tura shi?"

Na ce ban tuna ba. Sau shida ne.

"A cikin kogon nan nake ɓoye wa ubanka in ya biyo ni da bulala," in ji ta. Ta ci gaba da tsintarta. "Ina maina?"

"Bana ba a matsa ba, Gwaggo."

"Na sani. Na so ne in ji daga bakin ɗayanku."

Na zaro takardar, duk ta yamutse. Na fara bayanin da na haddace, mutum dubu arba'in, otal, aikin yi ga yara. Ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Mota nawa suka je wa Sayil?"

"Goma sha biyu."

"Goma sha biyu. Ni kuma an aiko min da ɗansa da takarda a aljihun baya, inda yake zama a kai." Ta ajiye farantin. "Ka ji, ɗan yayana. Ni ba ƙasa nake so ba, me zan yi da ita, kabarina ma a nan Karak za a haƙa. Shekara hamsin da biyu ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ce komai ba, don man yana zuwa. In na buɗe garwar nan na san ina da gidan uba. Kun tumɓuke gidan ubana ban sani ba, yanzu kuna son in dangwala muku yatsa. Ka ce wa ubanka ya san hanya. Ni ma ina da gahawa."

Da na isar da saƙon, Baba sai da ya miƙe tsaye. "Ni in je in ajiye finjali a gaban Fidda? Yarinyar da na goya? A ji a gari Sayil ya je roƙon ƙasar ubansa wurin mace?"

"To ya za a yi, Baba?"

"Za ta sauko."

Ba ta sauko ba. Jini ɗaya ne. Aka tura mata surukai, aka tura limami, har Hitam ta je da kwandon ɓaure. Kowa ta ba shi abinci ya ƙoshi, ta rako shi bakin ƙofa, ta ce a gaida Sayil.

Ustaz Ra'id kafin biki kullum yana kira, bayan biki sai ya koma mako mako, sai shiru. Baba ya daina zuwa zauren da dattawa ke zama. Juma'a ma sai an tada iƙama yake shiga, ana sallamewa ya fice. Na ɗauka itatuwan ne ke cinsa. Sai wata rana na ji yana gaya wa Hitam, a hankali, cewa mutane sun sha gahawarsa a kan abin da bai iya ba su ba. Wannan ne abin da ya hana shi haɗa ido da kowa. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

Da rani ya shigo na tafi Amman da kaina. Ofishin kamfanin ya zama asibitin likitan haƙori. Da ƙyar na gano Ustaz Ra'id a wani gidan shayi, ya ƙara ƙiba, yanzu gidajen bakin teku yake tallatawa. Ya rungume ni kamar ɗan'uwa.

"Ya Miflih! Ina Haj? Wallahi mutumin kirki, irinsu sun ƙare."

Na ce saura sa hannu ɗaya, muna nan muna ƙoƙari.

Ya yi ɗan murmushi, ya juya cokali a kofinsa. "Ba a gaya muku ba? Ai masu jarin tun mako biyu bayan biki suka janye. Wata ƙasa ta yi musu tayin da ya fi namu."

"Ko da an sa hannun?"

"Ko da hannu dubu. Mu dai lokacin fili muke so su gani a share, ko zai sa su saki jiki. Haka harkar take, goma ake zanawa a gina ɗaya. Kada ka sa a ranka. Me za ka sha?"

Na sha shayi. Na ɗauka zan shaƙe shi, ko in kifar da teburin, amma ko zafi ban ji a ƙirjina ba. Na tuna dai shayin ya yi sukari da yawa. Na koma gida ban gaya wa kowa ba.

Wata goma sha ɗaya bayan zuwana Karak, da safe, na fito na tarar da Baba a tsaye a bakin motata, ya sa alkyabbarsa ta zuwa biki.

"Ɗauko takardar nan," ya ce. "Ka kuma sa kayan kirki."

A hanya sau uku na buɗe baki zan gaya masa, sau uku na rufe. Mota ɗaya muka je, tsohuwar akori-kurata.

Gwaggo ba ta nuna mamaki ba. Ta shimfiɗa masa sabuwar katifa, ta ƙi bari jikokinta su taɓa butar, ita ta zuba da hannunta. Baba ya karɓi finjalin. Ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa a gabanta.

Ta zauna tana kallonsa, shi yana kallon kilishi. Na ga tiririn finjalin yana raguwa. Ban san ko minti nawa ba ne.

"Sha gahawarka, Yaya," in ji ta. "Abin da ka zo nema ka samu."

Ita ma ba ta tambaya ba. Ya sha. Na miƙa mata takardar da tawada, ta dangwala babban yatsanta a layi na sittin da uku, ta goge a gefen zanenta.

Sannan ta kawo gurasa mai zafi da ɗan ƙaramin kwano. Man da ke ciki bai fi cokali huɗu ba.

"Na gonarmu ne, na shekarar da ta wuce waccan," ta ce. "Ɗiga shi nake kamar maganin ido. Wannan ne ƙarshen garwar."

Baba ya gutsuri gurasa ya tsoma. Ita ma ta tsoma. Suka ce in sa hannu, na ce na ƙoshi. Suka cinye su biyu, ta suɗe kwanon da ɓawon gurasa ta miƙa masa.

Da la'asar muka iso gabas da ƙauye. Baba ya ce in hau kwaltar. Bai taɓa hawa ba tun ranar biki. Na sauka daga hanya, na bi ta gefen allon, na hau. Santsi gare ta, ko motsi motar ba ta yi. Yana nunawa da haɓarsa ta taga: nan na kakansa suke, nan layin da ya dasa shekarar da aka haife ni, nan rijiya. Ko minti ɗaya ba mu yi ba kwaltar ta ƙare, tayoyin gaba suka faɗa turɓaya. Na taka birki.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan, Baba."

Ya zaro takardar daga ƙirjinsa ya buɗe, ya dubi yatsan Gwaggo. "Gobe ka kai musu. Ka ce Sayil ya cika."

"Babu wanda za a kai wa, Baba. Sun tafi."

"Yaushe?"

"Tun mako biyu bayan biki."

Bai juyo ba. Yana kallon filin ta gilashi, ba komai a cikinsa sai ƙaya da ledoji. Ya ninke takardar a kan tsohon ninkinta ya mayar ƙirji.

"Amma dai ka shaida na cika."

"Na shaida."

Na sa giyar baya muka koma gida.

Watan jiya wasu mutane suka zo daga Madaba, mota uku. Ni na zuba gahawar. Babbansu ya ajiye finjali a ƙasa, kowa ya juya ya dubi Baba, wasu har sun fara murmushi don sun san gidan da suka zo. Baba ya daɗe yana kallon finjalin.

"To," ya ce, "mu ji da me kuka zo."